Daga St Andrews zuwa Carnoustie: ramuka biyu da suka kunyata gwanayen golf

Jirgin ƙasa ba ya shiga St Andrews, garin da ya shahara da wasan golf a Sikotlan. Daga tashar Waverley ta Edinbara na hau, tafiyar kusan awa guda zuwa Leuchars, sannan bas mai lamba 99 ta ƙarasa da ni gari cikin 'yan mintoci. Lahadi na zaɓa da gangan, domin ranar ake rufe Tsohon Filin golf na garin ga 'yan wasa, a bar jama'a su taka shi da ƙafa kyauta, har da masu yawo da karnuka. Mai son buga wasa kuwa sai ya shiga ƙuri'a kwana biyu kafin ranar.

Kai tsaye na nufi rami na 17, wanda ake kira Ramin Titi. Tsawonsa yadi 495, kuma bugu huɗu aka ƙayyade masa (a golf, mai ƙarancin bugu ne ke nasara). Daga wurin bugun farko ba ka ganin inda ƙwallo za ta sauka, sai ka ɗaga ta bisa kusurwar harabar otal. Amma tarkon yana gaba. Dandalin da ramin yake siriri ne, a karkace, ramin yashi mai zurfi a gabansa ta hagu, titin kwalta da katangar dutse a bayansa. Idan ƙwallo ta tsaya kan titin, nan za ka buga ta, babu sassauci.

A talabijin ramin yashin nan ba ya ba da tsoro. Sai da na tsaya bakinsa na ga yadda ƙasar kewayensa ta gangaro kamar mazurari, tana janyo duk ƙwallon da ƙarfinta ya gaza. Haka ta faru da Tommy Nakajima na Japan a babbar gasar The Open ta 1978: yana kan dandali ya gangaro da ƙwallo, ta zarce cikin yashin, bugu huɗu kafin ya fita, ya tashi da bugu tara. Wanda ya guje wa yashin kuma titi na jiransa. A gasar ta 1984 Tom Watson ya ɗauki sandar ƙarfe mai lamba biyu, ƙwallo ta wuce har gindin katanga, Seve Ballesteros ya ɗauke kofin.

Na tsallaka 'yar gadar Swilcan, inda gwanin golf na Amurka Jack Nicklaus ya yi bankwana da gasar a 2005. Layin masu ɗaukar hoto ya fi gadar tsawo.

Washegari na haye kogin Tay zuwa Dundee, daga nan Carnoustie, inda iskar teku ta tarye ni tun daga tasha. Rami na 18 ya kawo ni. Rafin Barry yana murɗewa a cikinsa kamar maciji, ya sake gittawa dab da dandali, an daɓe gefunansa a miƙe.

A gasar The Open ta 1999 Bafaranshe Jean van de Velde ya iso nan, ramin ƙarshe, yana gaba da bugu uku. Ko shida ya yi, kofi nasa ne. Lissafin a fili yake: gajeren bugu zuwa tsakiyar fili, wani zuwa bakin rafi, na uku kan dandali, ragowar uku na jefawa a rami. Sai ya zaro doguwar sanda, ƙwallo ta karkace dama, Allah Ya taimake shi ba ta faɗa ruwa ba. Bugu na biyu ya daki ƙarfen rumfar 'yan kallo, ƙwallo ta dawo baya cikin doguwar ciyawa. Ciyawa irin wannan takan naɗe wuyan sanda ta kashe ƙarfin bugu, don haka na uku ya faɗa rafi. Ya tuɓe takalma da safa ya shiga, ruwa na ƙaruwa, dole ya haƙura ya karɓi hukuncin ƙarin bugu ɗaya. Na biyar cikin yashi, na shida kan dandali, na bakwai a rami.

A ganina bugu na biyu ne kuskuren. Bayan sa'ar farko, ba shi da dalilin sake neman tsallake rafin daga nesa. Bugu bakwai ɗin ya sa ya yi kunnen doki da Justin Leonard da Paul Lawrie, kuma a wasan raba gardama na ramuka huɗu Lawrie ɗan Sikotlan ya yi nasara, shi da ya wayi gari ana gabansa da bugu goma.