Katin Bindiga a Ilinoi da Takardar Zamana

Kafin in zo Amurka, na ɗauka bindiga a nan kamar gyaɗa ce a kasuwa, duk mai kuɗi sai ya miƙa hannu ya saya. A shekarata ta biyu a Shikago aka fasa gilashin motata cikin dare a ƙofar gida, washegari maƙwabcina, wani dattijo da ya yi ritaya, ya same ni ina share tarkacen gilashin, ya ce in nemi katin FOID, wato katin izinin mallakar bindiga. A jihar Ilinoi, inda Shikago take, ko harsashi ɗaya ba a yarda mutum ya ajiye ba sai da wannan kati, wanda 'yan sandan jiha ke bayarwa tun 1968.

Da na karanta sharuɗɗan sai na ga ƙofa a rufe take, domin a lokacin da bizar ɗalibi nake zaune. Dokar tarayya ta hana mai bizar wucin gadi riƙe bindiga, in ban da wasu 'yan keɓantattu kamar masu lasisin farauta, ta kuma hana wanda ba shi da takardun zama gaba ɗaya. Mai katin zama na dindindin kuwa yana iya nema kamar ɗan ƙasa. Wani ɗan'uwa ya ba ni shawarar in rubuta cewa ni ɗan ƙasa ne, wai babu mai bincike. Ban saurare shi ba, saboda wannan ƙarya kaɗai ta isa a kori mutum daga ƙasar.

Bayan na sami katin zama, na sake duba sauran sharuɗɗan: cika shekara 21 ko kawo izinin iyaye, da lasisin tuƙi ko katin shaida na jihar, kada kuma a taɓa samun mutum da babban laifi ko dukan iyali, kada ya kasance ƙarƙashin umarnin kotu na nisantar wani, ko an kwantar da shi a asibitin taɓin hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Na biya dala 10, katin kuma yana aiki shekara goma. Yawo da bindiga a jiki wani lasisi ne daban, mai buƙatar horon awa 16, sannan ko an sayi bindiga sai an jira awa 72 kafin a karɓa.

Katin yana cikin walat ɗina, amma har yau ban sayi bindigar ba. Uwargida ta ce muddin yara na rarrafe a gidan nan bindiga ba za ta shigo ba, ni kuma ban yi mata gardama ba.