Gwiwar Kawu da ƙullin ganyen mutanen Tailan

Sarin kaya ne ya kai mu Bankok, ni da Kawu, wanda ya san lungunan kasuwar Pratunam tun ina ɗan firamare. Wannan karon dai gwiwa ta ƙi ba shi haɗin kai. Likita a Kano ya riga ya gaya masa guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ya cinye, amosanin gaɓɓai irin na tsufa, kuma ƙwayoyin kashe zafin da yake sha sun fara taɓa masa ciki. Salla ma a kan kujera yake yi, abin da ya fi ciwon kansa damunsa.

Wani mai shago da muke sayayya a wurinsa ya ga yadda yake ɗingishi, ya ce mu je Wat Pho, wani babban wurin ibadar mabiya addinin Buddha. Kawu ya ɓata rai.

"Ɗana, gidan bautarsu za ka kai ni?"

"Kawu, makarantar tausa ce a harabar. Magani za mu nema mu fito."

Haka muka hau tasi, muka sha cunkoso har bakin kogin Chao Phraya. Wurin ya ba ni mamaki. Tun shekarun 1830 Sarki Rama na Uku ya sa aka sassaƙa ilimin magani a kan allunan dutse aka manna a bango, don talaka ya zo ya karanta. Akwai zanen jikin mutum da layukan da suke kira sen, waɗanda mai tausa ke bi da yatsa. Makarantar kuwa an buɗe ta a 1955, kuma a 2019 UNESCO ta sa tausar tasu cikin gadon al'adun duniya.

Namiji muka nema ya yi wa Kawu. Kafin ya taɓa shi sai da ya duba ko gwiwar ta kumbura ko ta yi zafi, ya tambayi hawan jini da ciwon suga. Ya ce sabon kumburi ba a gasa shi, mai suga kuma sau da yawa ba ya jin ƙuna har sai fata ta saluɓe. Nan hankalina ya kwanta. Bai murɗa gwiwar ba, naman cinya da sha-raɓa ya bi yana dannawa da babban yatsa, sannu a hankali.

Sai aka kawo ƙullin da suke kira luk prakhop, ɗauri ne na farin ƙyalle kamar dunƙulen hannu, an turara shi a madambaci. A ciki akwai kurkur, ganyen tsamiya, ɓawon wani lemun tsami mai kaushi, kafur, gishiri, da wani saiwa ɗan uwan citta mai suna plai, wanda shi ne jigon haɗin. Ya fara ɗorawa yana ɗagawa da sauri, da zafin ya ragu sai ya riƙa dannawa yana daɗewa, ƙulli biyu ne, ɗaya na kan wuta ɗaya na kan gwiwa. Ƙamshin ya cika ɗakin, fatar Kawu ta yi rawaya. Can na ji ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Alhamdu lillahi."

Da muka gama lodin kaya, na matsa muka tafi Prachinburi, gabas da Bankok, asibitin gwamnati na Chaophraya Abhaibhubejhr. Hanya ce ta gonakin shinkafa, ba wani abin labari. Abin da ya riƙe ni shi ne ganin sashen maganin gargajiya cikin asibiti sosai, tsofaffi na zaune da katinsu, wasu an shafe musu gwiwa da kwaɓin ganye. Masu aikin sun yi karatu, suna da lasisi, kuma tun 2002 ma'aikatar lafiyar ƙasar ke da sashe na musamman a kan wannan fanni. Man plai da ƙwayar wani tsiro mai yaɗo, thao wan priang, suna cikin jerin muhimman magunguna na ƙasa, kowanne da awo a rubuce. Na tuna masu tallar maganin sanyi da lasifika a tasha, ba awo ba bincike, raina ya sosu ƙwarai.

Ba wanda ya yi wa Kawu alkawarin warkewa. Wata ma'aikaciyar asibitin ta faɗa masa kai tsaye cewa guringuntsin da ya tafi ba ya dawowa. Gashi da tausa suna sassauta zafi da taurin ne kawai. Ta koya masa miƙe ƙafa a zaune don ƙarfafa cinya, ta ce ya rage ƙiba, kuma kada ya haɗa ƙwayar ganye da ta asibiti sai da sanin likitansa.

Hawa matakala har yanzu da dabara yake yi, amma barci ya dawo masa, kuma ya rage ƙwayoyin nan. Busassun ƙullin da muka taho da su sun ƙare, na shiga Kasuwar Kurmi na samo kurkur da kafur da ganyen tsamiya. Plai ne babu, sai muka sa ɗanyar citta a madadinsa.