Ƙarar Wasan Wuta a Ingila da Kunnen Ɗan Zamfara

Duk wanda zai taso daga Zamfara ya zo zama Ingila, ana ja masa kunne kan sanyi, da tsadar haya, da wahalar samun dawa da daddawa. Ban taɓa jin wanda aka yi wa gargaɗi kan wasan wuta ba, alhali shi ne ya fi girgiza gidana a shekararmu ta farko a birnin Lesta. Daga tsakiyar Oktoba har shigowar sabuwar shekara, da duhu ya yi sai unguwa ta ɗauki tas-tas da dam-dam, kuma a watan Nuwamba tun wajen ƙarfe huɗu da rabi rana take faɗuwa. Mutanen nan da abin suka tashi, shagali ne a wurinsu. Mu da muka baro Gusau, muka san abin da ya sami dangi a Maru da Tsafe da Zurmi, fassara ɗaya kunnenmu yake yi wa irin wannan ƙara cikin dare.

Maiɗakina ta fi ni jin jiki, domin mutanen ƙauyensu sun sha kwana a gona saboda 'yan bindiga. Ta san sarai ba harbi ba ne, amma jikinta bai yarda ba. Sai ta kashe fitila, ta janye yara daga bakin taga, hannunta na rawa. Wata rana ina waya da Inna bayan Magariba, aka saki wata babba a bayan gidanmu. Inna ta yi salati, ta ce, "Ɗan nan, wagga ƙara fa? Har can suka bi ku?" Na yi ta rantse mata cewa biki ne, amma sai da na kunna bidiyo na nuna mata sararin sama yana tartsatsin ja da kore kafin hankalinta ya kwanta.

Babban daren shi ne 5 ga Nuwamba. A shekarar 1605 aka kama wani mutum mai suna Guy Fawkes a ƙarƙashin ginin majalisa a Landan, yana gadin ganguna 36 na albarushi da aka shirya don hallaka Sarki James na Ɗaya. Tun daga nan ake hura wuta duk shekara don tunawa da tsirar sarkin. A Lesta kuma akwai Indiyawa da yawa, bikinsu na Diwali a titin Belgrave ya yi suna a duk ƙasar, kuma yakan faɗo a Oktoba ko Nuwamba. Shi ya sa ƙarar takan ɗauki makonni a jere.

Akwai doka, kuma ya kamata baƙo ya san ta. Ba a harba wasan wuta daga ƙarfe 11 na dare zuwa 7 na safe, sai a daren 5 ga Nuwamba da aka yi sassauci zuwa 12, da daren sabuwar shekara da Diwali da sabuwar shekarar Sinawa da ake kaiwa ƙarfe 1. Laifi ne a kunna shi a kan titi ko a wurin jama'a. Wanda bai kai shekara 18 ba ba a sayar masa. Shagunan da ba su da lasisi na musamman ba sa sayarwa sai daga 15 ga Oktoba zuwa 10 ga Nuwamba, da 26 zuwa 31 ga Disamba, da kwana uku kafin Diwali da sabuwar shekarar Sinawa. Ɗan sanda na iya cin mutum tarar fam 90 nan take, babban laifi kuwa yana kai mutum gidan yari har wata shida.

A ganina dokar ta yi sako-sako. Ta tsare lokacin barci, amma ta bar kowa ya harba a bayan gidansa duk ranar da ya ga dama, ba tare da sanar da maƙwabci ba. Ni da za a ji ta tawa, da an taƙaita abin ga filayen da hukuma ta shirya, a rana sananniya, kowa ya kintsa. Sikotilan ta kama wannan hanya da dokar 2022, wadda ta ba ƙananan hukumomi ikon hana harbawa a wasu unguwanni, birnin Edinbura ya fara aiki da ita a 2024. Kantin Sainsbury's ma ya daina sayar da kayan tun 2019.

Abin da ya ƙara buɗe mini ido shi ne dabbobi. Yarana sun matsa sai da muka ɗauki mage, suka sa mata suna Kyalla. Da aka fara harbe-harbe sai ta shige ƙarƙashin gado, ta ƙi ci, ta ƙi sha, kunnuwanta a kwance, idanunta sun yi baƙi wuluk. Ƙaramar 'yata ta so ta jawo ta da ƙarfi ta rungume. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu, mai tsohon kare, ita ta hana. Ta ce dabbar da ta ɓuya ta zaɓi mafakarta, a bar ta, a kai mata ruwa da kwanon bahayarta kusa. Ta sa muka samo kwali muka shimfiɗa tsohon bargo a ciki, muka rufe tagogi, muka saki labule don kada walƙiyar ta shigo. Ita takan fita da karenta tun da rana, ta ba shi abinci da wuri, ta kunna rediyo don ya danne ƙarar waje. Mu karatun Alƙur'ani muke kunnawa, kuma na lura ba magen kaɗai yake kwantar wa hankali ba. Ta kuma gargaɗe mu kada a yi wa dabba tsawa idan ta yi fitsari a tsakar ɗaki don tsoro, domin tsawar ƙara firgita ta take yi.

Haɗari mafi girma shi ne dabba ta firgita ta fita a guje ta ɓace, ko mota ta buge ta. Tun 10 ga Yuni 2024 dole ne a Ingila a sa wa mage 'yar ƙwayar shaida a ƙarƙashin fata kafin ta cika mako 20, kamar yadda ake yi wa karnuka tun 2016. Wani zai ce wannan hidimar Turawa ce ta waɗanda ba su da matsala. Ni ban yarda ba. Mu aka karantar da hadisin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta kulle. Kuma tsoron na iya kashewa: a Nuwamban 2024 gidan namun daji na Edinbura ya sanar da mutuwar jaririyar wata dabba da ake kira jan panda, 'yar wata uku, likitocinsu suka danganta abin da firgicin daren. Ko itacen da aka tara don hura wuta ana roƙon a duba shi kafin a kunna, saboda bushiya kan shige ciki ta kwanta.

Ga masu yara, sandunan nan masu tartsatsi da ake riƙewa a hannu sun fi kama da abin wasa, amma zafinsu ya wuce misali. Ba a ba yaron da bai kai shekara 5 ba, kuma a ajiye bokitin ruwa a tsoma su bayan sun mutu. Wasan wutan da aka kunna bai tashi ba, kada a koma kansa. Idan an ƙone, a manta da gishiri da manja da man goge baki da muka saba shafawa. Ruwan famfo mai sanyi ake sakar wa wurin har minti 20, a cire zobe ko awarwaro kafin kumburi, a rufe da leda mai tsabta. In ƙunar ta yi girma ko ta taɓa fuska, a kira lambar gaggawa ta 999.

Zaman nan ya sa na ƙara tsananta ra'ayina kan nokawut ɗin da yara ke fasawa a gida lokacin bukukuwa. 'Yan sanda kan hana shi a ƙarshen shekara, mutane kuma su yi kunnen uwar shegu. A jihar da mata ke kwana da mayafi a kusa don gudun ko-ta-kwana, fasa shi zalunci ne. Yana iya sa tsohuwa ta karye wajen gudu, yana kuma iya sa a yi sakaci ranar da ƙarar ta zama ta gaske.

Ɗalibai daga gida galibi a Satumba suke isowa, wata guda kafin a fara harbe-harben. Na roƙi limamin masallacinmu ya riƙa sanarwa bayan Juma'a a farkon Oktoba, ya kuma amince. Ni ma duk wanda na ji zai zo da iyali daga wajenmu, nakan tura masa ranakun tun yana Gusau, in ce ya zaunar da matarsa da yaransa ya yi musu bayani kafin su hau jirgi.