Manta-uwa da danginta na Madagaska

Aikin da aka ba ni a shekarar ƙarshe a jami'ar Ngaundere shi ne in yi bayanin wani jinsin furen okid na tsibirin Madagaska mai suna Cymbidiella, wanda masanin tsirrai Robert Rolfe ya ware a 1918. Iri uku ne kacal. Ɗaya a ƙasa yake tsirowa, ɗaya a jikin tukuruwa, na ukun kuma a kan wani tsiro da shi kansa a jikin bishiya yake maƙale. Kuɗin zuwa Madagaska babu, hoto kuma ba ya koya wa hannu aiki. Sai na nemi danginsa na kusa da ke tsirowa a dajinmu, wato Ansellia africana, wadda masu magani ke kira manta-uwa.

Wani dattijo mai sayar da saiwoyi a kasuwa ne ya kai ni bakin wani rafi, ya nuna min ita can sama a jikin wata bishiya. Na ce, "Baba, ai wannan kauci ne." Ya ce, "Hau ka duba, yaro. Kauci shan jinin bishiya yake, wannan kuwa zaman haya take." Da na hau na ga gaskiyarsa. Saiwarta ba ta huda ɓawo ba, rungumarsa kawai ta yi. Akwai kuma wasu saiwoyi farare sirara masu tsini da suka miƙe sama suka haɗu kamar kwando, cike da busasshen ganye da kashin tsuntsu da ya ruɓe. Daga nan take samun abinci. Kararenta masu gaɓa-gaɓa ne ke riƙe mata ruwa har rani ya wuce.

Ganye da kara ba su isa a yanke hukunci a kan okid ba, dole sai fure. Na yi ta komawa har ta yi fure da rani: rawaya-rawaya, da ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa. Kunnuwa uku a waje, uku a ciki, ɗaya daga na cikin ya zama leɓe mai rassa uku inda ƙwaro ke sauka. Namiji da mace a haɗe suke a sanda guda a tsakiya, garin furen kuma a dunƙule yake. Reshe ɗaya na yanka na danne a tsakanin jaridu, furanni kaɗan na jefa a kwalbar alkol, domin dannewa tana lalata siffar leɓen. Karan yana da ruwa sosai, in ba a sauya jarida kullum ba ruɓewa zai yi kafin ya bushe, ko da hunturu ne.

A kan ɗigon nan ne na fi koyon wani abu. Wata tana da manya har sun kusa rufe furen, wata ƙanana, wata kusan babu. Masanan da can sun ruɗu da haka, suka yi ta raba suna, gigantea, nilotica, congoensis. Yau duk an mai da su iri ɗaya. Ita kanta daga tsibiri aka fara saninta: John Ansell ya samo ta a Fernando Po, Bioko ta yanzu da ke ƙasar Equatorial Guinea, a 1841, John Lindley ya sa mata sunansa a 1844.

A ganina takardar da ake liƙa wa samfur, wato tsiron da aka danne aka busar, ta fi samfurin daraja, musamman layin da ake rubuta bishiyar da aka same shi a kai. Irin shuka na okid kamar ƙura yake, ba ya tsira sai ya haɗu da wata naman-gwari da za ta ciyar da shi, shi ya sa ba ko'ina yake kamawa ba. In aka sare tukuruwa a Madagaska, Cymbidiella ɗin da ke kanta ta tafi. Mu ma nan masu gawayi suna cin kurmin bakin rafi, masu magani kuma wani lokaci dungun manta-uwa gaba ɗaya suke ɓamɓarowa. Dattijon nan shi kara biyu yake yanka ya bar sauran, ya ce baɗi ma zai buƙata.