Wasiƙa daga Jidda: Tunawa da Matawallen Katsina

Zuwa ga iyaye da 'yan'uwa na gida, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, dalilin wannan wasiƙa shi ne marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'adua, Matawallen Katsina, wanda mu mazauna Jidda muke da wani abin tunawa da shi da ba kowa ke da shi ba. A nan garin, a asibitin Sarki Faisal, ya yi jinyarsa mai tsawo tun daga 23 ga Nuwamba 2009. Kwana biyu da kawo shi aka yi ruwan nan da ya ci unguwanni, ya hallaka mutane fiye da ɗari, ana jajibirin hawan Arfa. Na tuna muna kwalfe ruwa daga shagon ɗinkinmu da bokiti, wayata na ta ƙara a aljihu, kuma duk wanda ya kira daga Kano ko Katsina, da ya gama jajen ambaliya sai ya rage murya ya ce, "Malam, yaya jikin mutumin?" Sun ɗauka tunda gari ɗaya muke, mun sani. Wallahi abin da muka sani bai wuce abin da suke ji a rediyo ba.

Wannan rufa-rufa ita ce take ci mini rai har yau, domin ba halinsa ba ne. Mutumin da ya tsaya a ranar rantsar da shi, 29 ga Mayu 2007, ya faɗa wa duniya cewa zaɓen da ya kawo shi mulki yana da aibi, sannan ya ɗora wa Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais aikin duba yadda za a gyara, ba mai ɓoye-ɓoye ba ne. Shi ne kuma ya bayyana wa jama'a abin da ya mallaka tun farkon hawansa, alhali doka ba ta tilasta masa wallafawa ba. Ina ganin wannan tarbiyya ta samo asali ne tun yana malamin kimiyyar sinadarai, lokacin da ya bi PRP ta Malam Aminu Kano, ga shi ɗan gidan sarauta, mahaifinsa kuwa jigo ne a NPN, abokiyar hamayyar PRP.

Na san akwai masu yi masa laƙabi da mai tafiyar hawainiya, kuma ba zan ce ba su da hujja ko kaɗan ba, tunda wutar lantarkin da ya yi alkawari ba ta samu ba. Amma a cikin wannan tafiyar ce ya soke cinikin matatun man Kaduna da Fatakwal, ya sakar wa Jihar Legas kuɗin ƙananan hukumominta da aka riƙe duk da cewa 'yan adawa ke mulkinta, litar fetur ta dawo naira 65, kuma a 2009 ya yi wa tsagerun Neja Dalta afuwa suka ajiye makamai. Jami'ar da ya kafa a Katsina yana gwamna, yau sunansa take amsawa.

Sai da majalisa ta miƙa wa Goodluck Jonathan riƙon ƙwarya a ranar 9 ga Fabrairu 2010, sannan bayan mako biyu aka ɗauke mara lafiyar daga nan cikin dare. Ya rasu ranar 5 ga Mayu, washegari aka kai shi maƙabartar Ɗanmarna. Ranar da labarin ya iso, wani dattijo abokin zamanmu, wanda ya shekara talatin bai taka Najeriya ba, ya tura keken ɗinkinsa gefe, ya ce a rufe shago, muka hau motar Makka domin mu yi masa addu'a a Harami.

Duk wanda hanya ta bi da shi ta Ɗanmarna, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a a madadinmu. Allah Ya jiƙansa da rahama.

Wassalam, daga ɗan'uwanku a Jidda.