Ƙauyen da Ba Ya Cikin Taswira

Aikina koyar da yara ne da yamma, a zauren gidanmu da ke Garwa. Bayan la'asar suke zuwa, 'yan ajin ƙarshe na firamare da waɗanda suka shiga sakandare, mu yi lissafi da Faransanci har a kira magariba. Abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne bakinsu. Yaron da zai cika maka kunne da surutu a ƙofar gida, da ka ce ya haɗa jimla uku a kan abin da ya gani a kasuwa sai ya sunkuyar da kai, ka yi ta jira har ka gaji. Amma akwai abu ɗaya da ba sa gajiya da zancensa: katun ɗin nan na Avatar, wanda tashar Nickelodeon ta Amurka ta nuna daga 2005 zuwa 2008, kashi 61 a zango uku. Su da Faransanci suka kalle shi, a wayar yayyensu ko a talabijin ɗin maƙwabta. Sun san al'ummomi huɗun nan, ta ruwa, ta ƙasa, ta wuta da ta iska. Sun san yaron nan Aang, wanda shi ne Avatar ɗin, da ya yi shekara 100 cikin ƙanƙara, Ƙasar Wuta kuwa tana ta cin duniya da yaƙi.

Ni kuma a lokacin da nake karatu a Ngaundere wani abokina ɗan kudu ya nuna mini wani irin wasa da ake yi a zaune. Mutum ɗaya ne ke jan labari, sauran kowa ya ɗauki mutum ɗaya daga cikin labarin ya zama bakinsa. Mai jan labari ya ce ga halin da ake ciki, kai kuma ka ce ga abin da mutuminka zai yi, in abin mai haɗari ne a jefa ƙwaya irin ta ludo a ga ko ya dace. Tatsuniya ce dai, sai dai masu cewa "ta zo mu ji ta" su ma da hannunsu a ciki. Wanda ya fi suna a irin wasannin nan shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974. Da babban hutu ya zo sai na ce bari in haɗa biyun, in ga ko bakin yaran zai buɗe.

Mako uku na yi ina sake kallon katun ɗin, na cika littafin rubutu guda da sunayen garuruwa, da wanda ya haifi wane, da abin da ya faru a birnin Ba Sing Se daki-daki. Ranar farko yara biyar suka zauna a tabarma, huɗu daga cikinsu suka ce su ne Aang. Na raba gardamar da ƙyar, na ba kowa jarumi ɗaya daga cikin na katun ɗin. Tun ba a je ko'ina ba ɗan yayata ya ɗaga hannu ya ce, "Kawu, ba haka aka yi ba." Gaskiyarsa. Duk inda na karkata labarin sai wani ya maido ni kan hanya, duk inda na bi hanya kuma babu abin da ya rage musu su zaɓa, don kowa ya san ƙarshen. Wanda aka ba Zuko, yariman Ƙasar Wuta, ya san zai tuba, to me zai yi shawara a kai? Kafin awa guda, biyu daga cikinsu sun zame sun tafi ƙwallo.

Daren nan na daɗe ban yi barci ba. Abin da na gane shi ne katun ɗin labarin mutum ɗaya ne da duniya ke jira, tabarma kuwa mutum biyar ne a kanta, kuma kowannensu yana son a ce da shi aka yi. Littafin da na cika ya ƙunshi abin da ya riga ya faru, alhali wasan yana buƙatar wurin da babu abin da ya faru tukuna. Sai na tuna shekara 100 ɗin nan da jarumin ya ɓace. Masu katun ɗin sun tsallake ta da 'yan jimloli, amma ai an yi noma a cikinta, an yi aure, an biya haraji, an ɓoye 'ya'ya kada a kwashe su. Washegari na ce wa yaran babu Aang, babu kowa da suka sani. Muna cikin tsakiyar yaƙin, a wani ƙauye na Masarautar Ƙasa da ba ya cikin taswira, kuma babu wanda zai zo ya cece mu.

Cire jarumin ya raba ni da wata damuwa da ban faɗa wa kowa ba. A katun ɗin ruhin Avatar yana sake dawowa a jikin wani bayan mutuwa, akwai kuma duniyar ruhohi. A allo yaro yana kallo ne daga nesa. A tabarma kuwa da bakinsa zai ce "ni ne", kuma a wurinmu zancen iskoki ba abin wasa ba ne. Na bar wannan ɓangaren gaba ɗaya, kuma ko sau ɗaya yaran ba su nemi shi ba.

Ƙauyen su suka gina shi. Na shimfiɗa farar takarda na ja layin kogi, na ce kowa ya sa abu biyu. Wani ya sa mashigin kwalekwale, wata ta sa rumbuna, wani ya sa gonar auduga, wani fadamar masakwa. Suka ce kogin yana ambaliya, don sun san yadda Binuwai ke yi idan damina ta yi nauyi aka saki ruwan madatsar Lagdo. Ni aikina a nan tsare dokar duniyar ne kawai. Da wani ya ce zai sa babur, na tambaye su ko sun ga babur a zamanin yaƙin. Suka ce a'a, jiragen ruwa na ƙarfe masu cin gawayi suka gani, su ma a hannun sojojin wuta. Babur ya fita. Da aka zo kan dorina kuwa, sai wata ta tuna cewa dabbobin katun ɗin yawanci haɗin biyu ne, kamar agwagwar nan mai ƙoƙon kunkuru. Nan take aka yi dorina mai ƙahon sa, aka sa wa ƙauyen suna Tudun Dorina. Ban ɗauko ko bukka ɗaya daga katun ɗin ba, amma duk wanda ya kalle shi zai gane ƙauyen na can ne.

Sai maganar iko, wato sarrafa ruwa, ƙasa, wuta ko iska da wasu ke yi a katun ɗin, wadda ta fi ba ni wuya. A allo mai sarrafa ruwa ya ɗaga hannu, igiyar ruwa ta tashi, ido ya ji daɗi. A tabarma idan iko ba shi da farashi, amsar kowace matsala ɗaya ce: "na watsa masa wuta", shi ke nan. Na yi ta rubuta dokoki ina gogewa, sai wani yaro ya warware mini da tambaya ɗaya. Labarin ya kai su wani fako, tafiyar yini biyu daga kogi, mai sarrafa ruwa ta ce za ta kare su daga 'yan fashi. Ya ce, "Da wane ruwan? Na salkarmu?" Zauren ya yi tsit. Yaran da suka san zafin Garwa na Maris da Afrilu ba sai an yi musu bayanin abin da zubar da ruwan sha yake nufi ba. Suka yi minti goma suna gardama, ƙarshe ta yi amfani da rabi, suka ƙarasa tafiyar da ƙishi. Daga ranar kowane iko da abin da yake ci: mai wuta yana iya kama rumbun da yake karewa, mai ƙasa idan ya tsaga hanya ya tsaga wa masu kai kaya kasuwa.

Tsarin jifa kuma mai sauƙi na ɗauko, na gidan wasannin da suka samo asali daga wasan Apocalypse World na 2010. Ƙwaya biyu ake jefawa a haɗa, a ƙara ɗaya ko biyu in mutumin gwani ne a abin. In an sami 10 zuwa sama, buƙata ta biya. In 6 ne zuwa ƙasa, abu ya ɓaci. Daga 7 zuwa 9 kuwa ka samu, amma da sauran magana: ka haye kogin, sai dai buhun hatsin ya jiƙe. A wannan tsakiyar duk daɗin wasan yake. Daga baya na ga cewa kamfanin Magpie Games, wanda ya yi wasan Avatar na hukuma, ya tara sama da dalar Amurka miliyan 9 a shafin tara kuɗi na Kickstarter a 2021, shi ma kan wannan tsarin ya gina nasa, kuma zamanin yaƙin yana cikin zamunan da ya ba masu wasa su zaɓa. Daga wurinsu na aro abu ɗaya mai kyau: kowane mutum a labarin yana da abu biyu da ke jan zuciyarsa, ɗaya gabas ɗaya yamma.

Ƙwayar ce ta kusa tsayar da komai. Wata rana kakan ɗaya daga cikin yaran, malami ne a unguwarmu, ya leƙo zauren, ya ga ana jifa, ya yi sallama ya wuce. Kwana biyu jikansa bai zo ba. Na je na gaishe shi, na zauna a ƙasa na ce, "Allah gafarta Malam, ko na yi laifi ne?" Ya ce, "Ɗana, ban ce caca kuke yi ba. Amma ka san gargaɗin da ya zo a hadisi a kan wasa da ƙwaya. Kuma hannun da ya saba jifa yana shekara goma sha biyu, wata rana wani zai ajiye masa kuɗi a gaba." Ban yi musu ba, don na ga samarin da hakan ya faru da su. Na tambaye shi, in aka rubuta lambobi a takardu aka zuba a ƙwarya ana zara fa? Ya yi shiru kaɗan, ya ce wannan ya fi kama da ƙuri'a, in je in yi, da sharaɗin kada ko sisi ya shiga, kada kuma ya ci lokacin salla.

Yaran na sa suka yi takardun. Muka ja jadawali, shida a tsaye shida a kwance, gida 36, kowa ya cike jimlar. Da idonsu suka ga 7 ta fito sau 6, 2 da 12 kuwa sau ɗai-ɗai. Suka ƙirga: takarda 15 na faɗuwa, 15 na "ka samu, amma", 6 kacal na cin nasara sarai. Wani ya ce to in aka zari takarda ba a mayar ba fa, ai lissafin ya canja? Darasin da nake jin nauyin farawa ke nan, ga shi yaro ya buɗe shi da kansa. Jikan Malam ya dawo, shi ne ma mai riƙe ƙwaryar.

Faransancin da na ƙulla abin dominsa bai shiga tabarma ba. Na gwada tilasta shi, wasan ya mutu nan take. Da Hausa suke yi, in gardama ta yi zafi Fulatanci ya shigo. Na haƙura, na ce to duk wanda ya ga dama ya rubuto abin da ya sami mutuminsa da Faransanci, in gyara.

Akwai wata yarinya, 'yar maƙwabcinmu, wadda tun da ta fara zuwa darasi ban taɓa jin ta yi magana ba sai an tambaye ta. Ita kaɗai ta ƙi ɗaukar iko. Ta ce ita mai tuyar ƙosai ce a mashigin kwalekwale, abu biyun da ke jan ta kuma su ne kare ƙanenta da ƙin yin ƙarya. A zama na takwas na kawo wani sojan wuta, yaro ne ɗan shekara sha shida, ya gudo daga rundunarsa ya ɓuya a rumbun gidansu. Mazan suka ce a miƙa shi, ai sojojin wuta ne suka ƙone gonar auduga. Sai ga shugaban sojoji a bakin kaskonta, ya riƙe hannun ƙanenta, yana tambaya ko ta ga wani baƙo.

Ban shirya abin da zai biyo baya ba, babu shi a littafina. Jikan Malam ya miƙo mata ƙwarya, ta ce a dakata, ba ta gama tunani ba. Ta dube ni ta ce, "Malam, in na ce masa ya zauna ya ci ƙosai tukuna, na yi ƙarya?" Na ce ba ta yi ba. Ta ce to ya zauna, kuma ta ƙara itace a murhu yadda hayaƙi zai tashi sosai, don mai kwalekwale ya gani daga tsallake. Ta zari takarda, 8 ta fito. Mai kwalekwale ya ga hayaƙin, amma shugaban sojojin ma ya lura ta cika wuta fiye da kima. Ana haka aka kira magariba, muka naɗe tabarma.

Washegari tun kafin la'asar ta yi sallama a zaure, da shafi biyu da rabi na Faransanci a hannunta. Kurakuran aikatau sun kai ashirin, na bi su da jan biro ɗaya bayan ɗaya tana tsaye tana kallo. A ƙasan shafin ƙarshe ta rubuta sunan da ta raɗa wa sojan da ke rumbu, da sunan mahaifiyarsa, da garin da ya fito. Na buɗe sabon shafi a littafina na kwafe su, don ranar Asabar a kansa za mu tashi.