Leda da tsakuwa a tsakanin kunya: ni na riga ku yi

Shekaranjiya na leƙa lambun ɗan ƙanena can bakin Binuwai a nan Garwa, sai na tarar da shi yana shimfiɗa baƙar leda a hanyoyin da ke tsakanin kunyoyin salak, ga tsakuwa an jibge masa a gefe. Na ce wa ya koya maka wannan? Ko ɗago kai bai yi ba, wai "Baffa a waya na gani, ciyawa ba ta fitowa har abada." Har abada fa!

Ni ma haka na yi a 2016, kuma ba wauta ce zalla ba, bayana ne ya gaji da noman hanya, wurin da ba ka shuka komai amma kullum kana duƙe da fartanya. Watan farko har maƙwabta na zuwa kallo. Da ruwa ya sauka sai aya-aya ta huda ledar kamar allura, don ƙwayarta na can ƙasa ban tone ba, ƙiri-ƙiri kuma ta bi ta gefe ta hau. Hunturu ya zo ya cika tsakuwar da ƙura, irin ciyawa ya samu wurin zama a sama, ka sa fartanya ta yi ta ƙara tana dakushewa, dole sai da hannu. Ga zafin Maris da Afrilu da ke wuce digiri 40, tsakuwa ta ɗau wuta, salak na bakin kunya duk ya yi yaushi, yara masu ban ruwa suka ƙi takawa ba takalmi. Ledar kuwa rana ta cinye ta ta farfashe, har yau in na yi kaftu sai na tono guntayenta. Da na huce sai na kwaso garin katako na zuba a hanyoyin, ya zube cikin kunya na kafce da shi, alayyafo ya koma rawaya don wajen ruɓewa yana janye abincin da ganye ke buƙata. To amma wa ya gaya min? Babu. Ko da yake tsohon da ke lambun kusa ya faɗa, ni ne ban ji ba.

Na so in jero muku abubuwa da yawa amma na san ba karantawa za ku yi ba. Ku tone aya-aya da ƙwayarta tukuna, in ba haka ba ko me kuka shimfiɗa asara ce. Sannan a shimfiɗa kwali a hanyar, a ɓare salatif ɗin, a haɗa baki ya hau baki, a jiƙa, a zuba ɓuntun shinkafa ko ɓawon gyaɗa kaurin yatsa huɗu zuwa biyar. Faɗin hanya ya ishi baro. Gara za ta ci kwalin, ku bar ta ta ci, in shekara ta zagayo ku kwashe ruɓaɓɓen ku zuba a kunya ku sake sabo. Sai dai in da katako kuka tare kunyar, to nan kam gara ba abokiya ba ce, kuma ku dinga duba kunama kafin ku sa hannu.

Tsakuwa kar ku kusance ta. To, ban da babbar hanyar shiga wadda ke caɓewa a Agusta, nan har yanzu ita ce a nawa kuma ban yi nadama ba.

Yaron dai ya ce ya riga ya biya kuɗin motar tsakuwa, ba zai mayar ba. Na ce to ajiye min ledar in ɗaure taki.